Idan jikin mutum ya zama waya: hirarmu kan tura saƙo ta cikin fata da rikicin caji

Mustafa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a fodkas ɗinmu daga nan Birnin Kebbi. Idan kun ji gurnanin janareta a baya ku yi haƙuri, tun jiya da la'asar rabonmu da wuta, kuma dama hirar yau ta shafi wannan ɗin. Ina tare da Anti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, sai Kawu Garba da ya taso tun daga Argungu da safen nan. Kawu ya hanya?

Kawu Garba: Lahiya lau ɗana, sai dai zahi. Amma tsaya, tun da ka kira ni ka ce wai jikin mutum zai koma waya nike ta tunani, wace wayar? Ta kira, ko ta wayarin da mu ka ja cikin bango?

Mustafa: Ta wayarin Kawu, irin taku.

Kawu Garba: To wanga ai ba labari ba ne. Shekara arba'in ina aikin wuta da gyaran rediyo, jikin nan nawa ya zama waya ya hi sau ɗari, kuma ko sau ɗaya ban ji daɗi ba.

Anti Hadiza: Kawu kenan. Allah dai ya ƙara tsarewa.

Mustafa: Amin. To bari in fara da abin da ya jawo maganar. Ni kullum in zan fita kasuwa kan kabu-kabu sai in sa iyafis na Bluetooth a kunnen dama, waya kuma tana aljihun kaftani na hagu, sai karatun da nake saurare ya riƙa yankewa, in na maido wayar aljihun ƙirji sai ya miƙe sumul. Na daɗe ina zagin iyafis ɗin ina cewa jabu aka sayar min, ashe ni ne matsalar, jikina ne ya tare hanya. Bluetooth yana aiki ne da igiyar rediyo a kan zango na gigahaz 2.4, kusan inda Wi-Fi yake, kuma kusan inda na'urar ɗumama abinci ta zamani take, ita ma ai abin da ya sa take ɗumama tuwo shi ne ruwan da ke cikinsa yana shanye irin wannan zangon. Mu kuma Anti, ruwa nawa ne a jikinmu?

Anti Hadiza: Babban mutum wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma ba ruwan randa ba, ruwa ne mai gishiri-gishiri.

Mustafa: Yauwa. To ka ga kunne da aljihu bai kai kamu biyu ba, amma dole na'ura ta ɗaga murya ta watsa saƙo ko'ina, gabas da yamma, har mita biyar har goma, don dai wani ɗan ɓurɓushi ya zagaya jikinka ya isa kunne. Kamar ka ɗauko sanƙira ya hau kan katanga yana shela don ya gaya wa wanda kuke zaune tabarma ɗaya cewa abinci ya sauka. Duk wannan ihun batir ne ke biya. Shi ne masu bincike suka ce, to tunda ruwan gishirin nan da ke shanye rediyo shi ɗin dai yana ɗaukar lantarki, me zai hana a bi ta cikinsa maimakon a yi ta faɗa da shi.

Kawu Garba: Kai yaro, ka san testa?

Mustafa: Sukundirebar gwada wuta? Akwai biyu a shagona na gyaran waya.

Kawu Garba: To mi ya sa in ka tura bakinta cikin soket ba ta kamawa sai ka ɗora yatsa bisa ɗan ƙarhen da ke gindinta? Don kai ne sauran wayar. Wutar ta hito daga layif, ta bi ta wani ɗan abu ciki da ke rage mata ƙarhi sosai, ta kunna ƙwan, ta bi yatsanka, ta bi jikinka ta sauka ƙasa, kai ko a jikinka ba ka ji komi ba. Haka rediyo, dauri in muna neman tasha da dare tana ta shuuu, sai ka kama eriya da hannu ka ji murya ta hito tas, ka saki ta ɓace, har yaro muke sawa ya tsaya ya riƙe har a ƙare labarai. Kuma je ka masallaci ka taɓa bakin wayar amfilifaya da yatsa ka ji yadda lasifika za ta yi duuum. Wanga ƙugin daga jikinka ya hito, wutar gidan ce jikinka ya tsinto daga iska.

Mustafa: Wallahi Kawu ka gama darasin, ni sai dai in ƙara suna da shekara. Ko sikirin ɗin wayar da muke shafawa ai haka yake gane yatsa, shi ya sa in ka taɓa da tsinke ba ya motsi. Wanda aka fi dangantawa da fara wannan abu sunansa Thomas Zimmerman, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka a 1995, daga baya ya koma kamfanin IBM, a 1996 suka nuna wa duniya mutum biyu kowa da 'yar na'ura a jikinsa, suna yin musabaha sai katin bayanin wannan, suna da lambar ofis da sauransu, ya tsallaka ta tafin hannu ya shiga na'urar wancan. Gudun saƙon bai taka kara ya karya ba, bit 2400 a daƙiƙa, hoto ɗaya na wayar yanzu sai ka yi awanni kana jira, amma dai ya wuce.

Anti Hadiza: To ni tambayata ta asibiti ce, wutar nawa ce ke shiga jikin? Don mu mun ga waɗanda wuta ta ja, ba abin wasa ba ne.

Mustafa: Wajen kashi ɗaya cikin biliyan na amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, suka yi amfani da shi a wancan gwajin. Kawu, mutum yana fara jin wutar gida daga nawa?

Kawu Garba: In ta kai wajen kashi ɗaya cikin dubu na amfiya za ka fara jin tsirrr a yatsa.

Mustafa: To ka ga tsakaninsu ninki miliyan ne.

Anti Hadiza: Gaskiya abin bai ba ni mamaki sosai ba, saboda jiki shi ma da wutarsa yake yawo. Idan muka kwantar da mutum za a yi masa awon zuciya na ECG, muna manna masa 'yan faifai a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, abin da na'urar ke karantawa wutar zuciyarsa ce, wajen kashi ɗaya cikin dubu na bolt, ta taso daga tsakiyar ƙirji ta biyo nama da jini har ta iso wuyan hannu. Wato zuciya tun ran da aka halicce ta take tura saƙo ta cikin jiki, mu ne dai muka makara wajen saurare.

Kawu Garba: Jiki magayi kenan, Hausawa sun riga Turawan faɗi.

Mustafa: Kawu ba wannan suke nufi ba ai.

Kawu Garba: Awo na sani, bar ni dai in ci nasara ɗaya. Amma ga inda ban gane ba, kuma kada ka yi mani kwana-kwana. Wuta ba ta tahiya sai da hanyar komowa, ko yaron da ya shigo shagona jiya ya san layif ba ta aiki ba nutural. Mutum shina tahe da takalmin roba, agogo a hannu, waya a aljihu, jiki ya zama waya guda. Ina ta biyun?

Mustafa: Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu binciken suka fi shan wahala. Hanya biyu ce. Ta farko, na'urar tana da faranti biyu ƙanana, ɗaya yana kallon fata ɗaya yana kallon waje, na fatar shi ke zuba saƙo cikin jiki, na wajen kuma shi ke lalubo hanyar komawa ta iska da ƙasa da bango da duk abin da ke kusa, ba tare da an taɓa komai ba, kamar dai yadda jikinka ya tsinto ƙugin nan na amfilifaya. Wannan hanyar tana kaiwa daga kai har ƙafa, amma hanyar komawar siririya ce, shi ya sa ƙarfin saƙon yake canjawa, kana tsaye daban, kana cikin mota daban, ka naɗe hannu daban. Ta biyu kuma duka farantan biyu a manne suke da fata, wutar ta fita ta ɗaya ta zaga cikin nama ta dawo ta ɗayan, ita ba ruwanta da abin da ke kewaye da kai amma ba ta nisa, kuma tana so fata ta kama sosai.

Anti Hadiza: To ai kuwa ta biyun za ta ga ta kanta da hunturun Kabi. Lokacin sanyi sai a kawo miki tsohuwa fata ta bushe ƙamas ta yi fari, ki manna faifan ECG layin ya riƙa rawa kamar rubutun yaro, sai kin goge wurin kin shafa man da ake sawa kafin ya zauna. Da bazara kuma gumi ne ke ɓamɓare filastar. Duk wanda zai kawo mana irin wannan kaya ya fara zuwa ya gwada a watan Janairu sannan ya dawo Afrilu.

Mustafa: Wannan gaskiya ne. To maganar batir, wadda ita ce ta fi damun mu. A jami'ar Purdue akwai wani farfesa Shreyas Sen, shi da mutanensa suna amfani da zango na ƙasa sosai yadda saƙon ba ya tashi sama ya zama rediyo, yana nan maƙale da fata, kuma suna cewa wutar da ake kashewa wajen tura saƙo ta ragu kamar sau ɗari idan aka gwada da Bluetooth, har kamfani suka buɗe mai suna Ixana suna kiran abin nasu Wi-R. Wasu kuma a jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2015 maganaɗisu suka bi, suka naɗa waya a hannu kamar awarwaro, saboda maganaɗisu yana ratsa nama ba tare da an shanye shi ba.

Kawu Garba: Sau ɗari? Kenan agogon da ka ka caji kullum sai ya yi wata uku?

Mustafa: A'a, kuma nan ne nake so masu saurare su buɗe kunne, don gobe wani zai zo kasuwa ya ce maka haka. Tura saƙo ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke cin batir. Sikirin yana ci, koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayan agogo yana auna bugun zuciya yana ci, GPS kuwa kura ce. In ka rage kuɗin cefane a gidan da kuɗin makaranta ne ya fi yawa, ka rage, amma ba ka huta ba. Inda abin zai yi tasiri shi ne ƙananan abubuwan da ba su da sikirin ba su da komai, aikinsu su auna su aika, kamar filastar auna sukari ko zafin jiki, zobe, na'urar kunne ta masu ƙarancin ji. Su ɗin su yi raɗa ta cikin fata zuwa ga wayar da ke aljihu, ita wayar mai babban batir ita kaɗai za ta yi ihu zuwa ga eriyar kamfani.

Anti Hadiza: Ni fa wannan shi ne ya sa na yarda na zo yau. Akwai wani dattijo mai hawan jini da ɗansa ya aiko masa da agogo mai tsada daga Abuja, wai ya riƙa lura da bugun zuciyarsa, ranar da ya zo ganin likita na ce Baba ina agogon, sai ya zaro shi daga aljihu a naɗe cikin leda, a mace. Ya ce 'yata, wayar ma sai na ba yaro ya kai shagon caji ya biya, in ƙara da agogo? Kuma caja ɗinsa daban ce, mai shagon ma ba shi da irinta. Ka ga kayan lafiyar da sai an yi masa caji duk kwana biyu, a ƙauyukanmu ado ne kawai. Abin da zai yi mana amfani shi ne wanda zan manna wa mai ciki ko mai ciwon sukari in ce je ki sai wata mai zuwa, ba ruwanki da soket.

Mustafa: Kuma a ɓangarenku an ma riga an fara ai, ba mafarki ba ne.

Anti Hadiza: An fara. Ka san na'urar da ake dasa wa masu ciwon zuciya don ta daidaita bugu, da can batir ne ake sawa ƙarƙashin fatar ƙirji a ja wayoyi ta jijiya zuwa zuciya. Yanzu akwai wadda ba ta da waya sam, a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ta kamfanin Abbott, guda biyu ne ƙanana kowanne bai kai batirin rimot ba, ɗaya a ɗakin sama na zuciya ɗaya a na ƙasa, kuma dole su yi magana da juna a kowane bugu don kada wannan ya riga wancan. Da me suke maganar? Da 'yar wuta ta cikin jinin da ke tsakaninsu. Da rediyo suka sa, batirin ba zai je ko'ina ba, kuma wannan ba agogo ba ne da za ka cire ka kai shago, canjin batir a nan aiki ne a ɗakin tiyata.

Kawu Garba: Ikon Allah. Jini ya zama wayarin.

Anti Hadiza: Akwai ma ƙwayar magani da aka amince da ita a 2017, a cikinta akwai ɗan abu kamar ƙwayar yashi mai jan ƙarfe da maganiziyam, ba batir a ciki, ruwan ciki ne ke zame masa batir da zarar an haɗiye, sai ya aika sigina ta cikin jiki zuwa filastar da ke manne a haƙarƙari, filastar ta gaya wa waya cewa an sha magani ƙarfe kaza. Kamfanin da ya ƙera ɗan abin, Proteus, ya karye a 2020 dai, ga tsada ga kuma mutane ba sa son a riƙa leƙa musu ciki.

Kawu Garba: To kin kawo ni inda nike jira. Ku yara kun ce musabaha ka tura saƙo. Ni ran Juma'a daga ƙohwar masallaci zuwa inda na aje babur ina gaisawa da mutum hamsin, in ɗaurin aure ne ba a magana. Kenan duk wanda na ba hannu ya tahi da sirrina, ya san sukarina ya hau, ya san nawa ar a asusuna?

Mustafa: Sai in shi ma yana ɗauke da na'urar da aka shirya don karɓa, kuma saƙon a kulle ake tura shi kamar yadda ake yi a sauran hanyoyin. Hasali ma masu abin tsaro suke tallatawa, a binciken da mutanen Purdue suka fitar a 2019 sun auna cewa in ka matsa kamar santimita 15 daga jikin mutum ba ka iya tsinto saƙon, alhali na rediyo ana kama shi daga fiye da mita 5. Kuma tsoron ba na banza ba ne, a 2017 sai da aka kira masu na'urar zuciya wajen 465,000 a Amurka su je a sabunta musu manhaja saboda an gano ana iya yi mata kutse ta iska.

Kawu Garba: Santimita 15, taƙi guda ma bai cika ba kenan.

Mustafa: Bai cika ba.

Kawu Garba: To wanda ya auna wanga bai taɓa shiga motar Jega ran kasuwa ba. Mutum huɗu a baya, biyu gaba, gwiwar wani cikin haƙarƙarinka, ɗan wata bisa cinyarka, kowa ya jiƙe da zuhwa. Ina taƙin yake? Ai mu duka shida mun zama waya guda har direba.

Mustafa: Wallahi Kawu ban da amsar da ta wuce kullewar nan, don gaskiya ne in fata ta taɓa fata saƙo yana iya tsallakawa, ai shi ne ma asalin abin da Zimmerman ya nuna.

Anti Hadiza: Ni kuma dama katin musabahar nan bai shafe ni ba, da wa zan gaisa? Rabin mutanen da nake hulɗa da su a wurin aiki maza ne, daga nesa muke sallama. Su bar mana na filasta da na zuciya, su riƙe na gaisuwar.

Mustafa: Akwai wanda zai fi burge ki, a jami'ar Washintan a 2016 sun tura kalmar sirri daga wurin ɗora yatsa na waya, ta bi hannu ta bi ƙirji ta fita ɗaya hannun zuwa makullin ƙofa, wato ki riƙe wayarki ki kama mariƙin ƙofa ta buɗe.

Anti Hadiza: Wannan kam ina so, a sa mana a ɗakin ajiye magani, kullum sai an nemi mai makulli an rasa.

Kawu Garba: Amma Mustafa tun 1995 fa ka ce. Yaron da anka haifa waccan shekarar, yanzu shina da mata da ɗiya. Kai da ka buɗe cikin waya kullum, ka taɓa ganin abin?

Mustafa: Ko sau ɗaya. Kamfanin NTT na Japan ya yi ta tallar nasa a 2005 da sunan RedTacton, a 2012 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 802.15.6 har da sashen sadarwa ta jiki a kan megahaz 21, duk an yi, amma Bluetooth ya riga ya shiga kowace waya har 'yar rakani-kashi, kuma shi ma tun 2010 aka fito da nau'insa mai cin wuta kaɗan. Mai ƙera zobe ba zai sa sabon abu ba sai waya tana da shi, mai waya ba zai sa ba sai ya ga zobban, kowa yana jiran kowa. Shi ya sa nake ganin ta asibiti zai fara shigo mana, inda ba a da zaɓi.

Anti Hadiza: In ya shigo da araha. Ka ƙara wannan.

Mustafa: Na ƙara Anti. Jama'a janareta ya fara tari, man da muka zuba lita biyu ne kacal, duk mai tambaya ya ajiye mana a ƙasa, musamman masu aikin wuta, ku zo ku taya Kawu ko ku ƙaryata shi.

Kawu Garba: Ba mai ƙaryata ni. Kai dai kahin ya mutu miƙo mani cajar can mai ƙaramin baki, wayata saura kashi huɗu kuma sai na kira gida in ce su aje mani tuwo.